Kalaba zuwa Yola awa ɗaya ne, in ji wayata

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman ku sababbin shiga na bana. Rubutun yana da tsawo, ku yi min haƙuri. Na fi shekara ina cewa zan yi shi ina fasawa, sai ranar Juma'ar nan da ta wuce na ji abin da ya sa dole na zauna na rubuta.

Mun idar da salla a Bogobiri, ina tsaye a bakin masallaci ina jiran abokina ya nemo takalminsa, sai na ji wani yaro a bayana yana waya. Daga ganin yadda ya rungume fayil ka san ko rajista bai gama ba. Da mahaifiyarsa yake magana, da alama kuka take yi masa, shi kuma yana lallashi. Sai na ji ya ce: "Haba Umma, ki kwantar da hankalinki mana. Ko wani abu ya taso, awa ɗaya ne fa a jirgi."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da na faɗa wa Baba ke nan sak, ranar da nake neman ya bar ni in zo Kalaba.

Ni ɗan Jimeta ne. Baba, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Ya fi shekara 20 yana lodin shanu daga kasuwannin Mubi da Ngurore zuwa Kudu, ya juyo da manja da goro. Da sunana ya fito a Jami'ar Kalaba, murna a gidanmu ba a magana, amma shi shiru ya yi. Sai bayan isha'i ya kira ni ƙofar ɗakinsa ya ce, "Malam, garin nan fa da nisa." Malam yake ce min tun ina firamare, don tsokana.

Ni kuwa na riga na tanadi amsa. Na zaro waya na buɗe masa taswira, ga layi miƙaƙƙe daga filin jirgin Kalaba zuwa na Yola, ga lissafi a ƙasa: kilomita 650 da 'yan kai, tafiyar awa ɗaya. Na ce, "Baba ka gani? Zamani ya canza. In wani abu ya taso da safe, kafin Dada ta sauke tukunyar rana na iso. Filin jirgin ma ga shi nan cikin Jimeta, ko kuɗin mota ba sai na nema ba."

Ya karɓi wayar, ya ɗan nisanta ta da idonsa yadda yake yi in zai duba rubutu, ya daɗe yana kallon layin. Can ya ce, "Wannan hanyar, wa ya taɓa bin ta?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Sai ya fara ƙirga min da yatsu: Ngurore, Mayo Belwa, Zing, Jalingo, Mutum Biyu, Wukari, Zaki Biam, Katsina-Ala, Ogoja, Ikom, Ugep, sannan Kalaba. Yatsun suka ƙare ya sake zagayowa. Ya ce, "Ni Kalabar da na sani ke nan. In ka yi sallar asuba a nan, ta gobe a hanya za ka yi ta." Ya miƙo min wayata, ya ce in je, Allah Ya sa albarka.

Kada wani ya ce wayar ƙarya ta yi min. Daga baya na zauna na sake aunawa da kaina. Tsakanin filin jirgin Margaret Ekpo na Kalaba da na Yola, wanda aka sa wa sunan Lamido Aliyu Mustafa a 2023, in ka ja zare kilomita 650 ne da ɗoriya. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 800 a awa guda. Ka ƙara mintocin tashi da na sauka, awa ɗaya ke nan ko ya ɗan gota. Lissafi ya fita daidai. Abu ɗaya ne wayar ba ta gaya min ba, ni ma kuma ban tambaya ba: babu jirgin da ke bin wannan layin. In ma ka ƙura wa taswirar ido, za ka ga layin ta cikin Kamaru ya ratsa, ta wajen Mamfe, kafin ya dawo Taraba. Hanyar tsuntsaye na nuna wa Baba.

Shekara biyu na yi ina zuwa hutu ta ƙasa, kamar kowane ɗan talaka. Tafiyar da ta haura kilomita 800, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage, shingen jami'an tsaro kuwa har ka gaji da ƙirgawa. Amma jirgin yana nan a raina, na ajiye shi kamar kuɗin ɓacin rana. Duk wanda ya san makarantarmu ya san filin jirgin ba shi da nisa da mu, kana hostal kana jin ƙugin tashinsa. In kewar gida ta dame ni sai in ɗaga kai in ce a raina, ai awa ɗaya ne. Ko sau ɗaya ban taɓa buɗe shafin sayar da tikiti na duba ba.

Ranar wata Litinin ce cikin Janairu, ƙarfe tara na dare, ina karatun tes ɗin da za mu yi ranar Alhamis. Adda ta kira. Adda ba ta kira da dare, saƙo take turowa, don haka tun kafin in ɗaga gabana ya faɗi.

"Auta, kana ina?"

"Ina ɗaki, Adda. Lafiya?"

"Baba ne ya yanke jiki ya faɗi bayan magariba. Muna asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi." Ta yi shiru, ina jin hayaniyar mutane a bayanta. "Dada ta ce ka taho."

Dadar da ko rasuwa aka yi a dangi take ɓoye min sai na gama jarrabawa, yau ita ce ta ce in taho. Ban buƙaci ƙarin bayani ba.

Hannuna na rawa na rubuta Kalaba, na rubuta Yola, na danna. Babu. Na canza kamfani, babu. Na canza rana, babu. Duk inda na duba sai ya nuna min Abuja a tsakiya, wani ma har Legas yake son kai ni. A daren na koyi abin da ya kamata in sani tun ina aji ɗaya.

Ku ɗauki filin jirgi kamar tasha. Mota ba ta tashi sai ta cika, kowa ya san wannan. To jirgi mai kujera 70 ko 140 ma haka ne, sai dai shi ba ya tsayawa yana kiran fasinja, tun farko ba a sa shi a layin da aka san ba zai cika ba. Mutum nawa ne ke tashi daga Kalaba za su Yola a rana? Ni da wa? Shi ya sa kamfanoni ke kwaso mutane daga ƙananan filaye su zube su a Abuja ko Legas, a can kowa ya nemi na garinsu. Ƙaramin fili da ƙaramin fili ba sa gaisawa sai ta hannun babba.

Ga yadda lissafin ya koma. Kalaba zuwa Abuja kilomita 460 ne ko kusa da haka. Abuja zuwa Yola wajen 570. Ka haɗa, ya haura 1,000. Kuma gida yana arewa maso gabas da Kalaba, Abuja tana arewa har ta ɗan karkata yamma. Wato sai na biya kuɗi an kauce da ni daga hanyar gida, sannan in sake biya a dawo da ni.

Kuɗin kuwa, tikiti biyun sun haura N200,000, ni kuma abin da ke asusuna bai kai dubu ashirin ba. A nan ne zan gode wa mutanen da har gobe ban san yadda zan saka musu ba. Shugaban ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa ya sa maganar a guruf, kafin sha ɗaya alat ya fara shigowa, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar, wata baiwar Allah 'yar aji ɗaya ta turo ɗari bakwai ta ce in yi haƙuri shi ke gare ta. Ɗan ɗakinmu, ɗan Ugep ne, Kirista, ya buɗe akwatinsa ya ciro kuɗin abincinsa na wata ya ɗora min a kan katifa, ya ce mahaifi ɗaya ne, in na dawo ma yi magana.

Duk da haka bai cika ba. Na hau keke na tafi Bogobiri wurin Alhaji, tsohon abokin harkar Baba, wanda shi aka damƙa masa amanata ranar da na fara zuwa. Ya saurare ni, ya yi salati, ya shiga ciki ya ƙirgo cikon ya ba ni. Har na miƙe sai ya ce in zauna.

"Ɗana, akwai ƙaramar mota da za ta tashi Jalingo bayan sallar asuba. Na san direban, yaron kirki ne. In na yi magana zai ajiye maka gaba."

Na ce, "Alhaji, mota kwana za ta yi a hanya. Jirgi in Allah Ya yarda gobe da la'asar ina gida."

Ya ce, "Motar nan ga ta can a tasha, in ka leƙa yanzu za ka gan ta. Jirgin naka yana ina?"

Na ce sai da safe zai taso daga Legas.

Ya ce, "To." Bai ƙara komai ba, ya raka ni bakin titi.

Na sayi tikitin Kalaba zuwa Abuja na ƙarfe sha ɗaya na safe, na sayi na Abuja zuwa Yola na biyu da rabi a wani kamfanin daban. A takarda abin ya yi kyau: in sauka sha biyu, in yi azahar, in ci abinci, kafin huɗu ina gefen gadon Baba.

Talata tun takwas ina filin jirgi. Sha ɗaya ta yi, shiru. Sha biyu saura aka sanar cewa jirginmu bai baro Legas ba. Wani mutum mai kwat da ke kusa da ni, da alama ya saba, ya yi min bayani: jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa huɗu ko biyar a yini, in ya makara a zangon farko, duk sauran sai su gaji makarar. Ya tambaye ni ko tikitina biyu na kamfani ɗaya ne. Na ce a'a. Ya girgiza kai ya ce to in yi addu'a, don na biyun ba ruwansa da dalilin da ya hana ni zuwa, in ya tashi ya tashi da kuɗina.

Sai biyu saura muka tashi. Karo na farko ke nan da na shiga jirgi a rayuwata, abin da na daɗe ina mafarki, amma wallahi ban san yadda Kalaba take daga sama ba. Agogo kawai nake kallo. Muka sauka Abuja ƙarfe uku. Na ruga da jakata kamar wanda aka biyo, na isa kanta ina haki, sai matar ta ce jirgin Yola bai tashi ba tukuna. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi har mutane suka juyo. Ashe abin da ya tsayar da shi ya fi makarata muni.

Hazo ne. Mu da muka tashi a Arewa mun ɗauki hazo abin kaushin ƙafa da fashewar leɓe, ba mu san shi ne babban abokin gabar matuƙin jirgi ba. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, in ta sauka a kwarin Binuwai sai ta rufe gari. Matuƙi yana da iyakar nisan da dole idonsa ya gani kafin a yarda ya sauka, in ganin bai kai ba, ba zai ma taso ba. Kuma da yawa daga ƙananan filayenmu ba sa aiki da dare, don haka in rana ta faɗi magana ta ƙare sai gobe. Muka zauna, huɗu, biyar. Shida saura aka ce an soke, mu dawo gobe ƙarfe tara.

Filin jirgin Abuja yana da nisan wajen kilomita 40 daga cikin gari, ni kuma abin da ya rage min ko kuɗin tasi bai kai ba, balle masauki. Na nufi masallaci. Ba ni kaɗai ba ne, akwai wani dattijo ɗan Mubi da ya dawo daga ganin likita, shi ko ya sauka Yola ma yana da sauran tafiyar wajen kilomita 200 a gabansa. Ya raba burodinsa biyu ya ba ni rabi.

Bayan isha'i na kira Adda. Ta ce ya farfaɗo, yana gane mutane, amma maganar ba ta fita sosai. Na roƙe ta ta kara masa wayar a kunne.

"Baba, ni ne. Sannu Baba. Ina hanya."

Na ji numfashinsa. Can ya ce wani abu ban gane ba, Adda ta ce yana tambaya kana ina.

"Ina Abuja, Baba."

Shiru. Sai na ji muryarsa, a hankali, harshen ya yi nauyi, amma wannan karon ban buƙaci tafinta ba.

"Malam... me ya kai ka Abuja?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin tasha da hazo da tikiti biyu, kuka ya ƙwace min. Mutumin da ya yi shekara 20 a kan hanyar nan ya san babu Abuja tsakanin Kalaba da Yola. Adda ta karɓi wayar ta ce in bari sai da safe, ya gaji. Daga baya ta gaya min cewa da ta cire wayar murmushi yake yi da rabin bakin da ke motsi. Maganar ƙarshe ke nan tsakanina da mahaifina.

Laraba muna idar da sallar asuba Baffa ya kira. Da na ga sunansa maimakon na Adda na san an gama. Ya ce, "Sai haƙuri, Auta. Allah Ya karɓi abinSa wajen ƙarfe huɗu." Dattijon nan ɗan Mubi ne ya riƙe ni.

Baffa ya tambayi lokacin da zan sauka. Na ce jirgi ƙarfe tara ne, goma da 'yan mintoci ina Yola. Ya ce to za a sa jana'iza sha ɗaya saboda ni.

Tara ta yi. Tara da rabi. Goma. Ta gilashi ina hango jirgin da zai kai mu a tsaye, ga shi nan kamar in taɓa shi, amma aka ce Yola ba ta buɗe ba. Goma da rabi Baffa ya sake kira, ya ce jama'a sun taru, malamai sun zo, rana tana yi. Bai ce komai ba bayan haka, yana jira in faɗa da bakina. Ban taɓa furta magana mai nauyin wannan ba. Na ce, "Baffa, ku kai shi. Kada ku tsayar da shi saboda ni."

Ƙarfe sha ɗaya, lokacin da ake jera sahu a ƙofar gidanmu, ina zaune a kujerar ƙarfe da katin shiga jirgi a hannuna, ana sanar da jirgin Legas.

Biyu da rabi muka tashi. Awa ɗaya da 'yan mintoci, kamar yadda aka rubuta. Da muka fara sauka na hango Binuwai ta cikin ƙura, ruwan ya janye ya bar yashi fari fat, ga gadar Jimeta. Daga filin jirgi zuwa gidanmu minti goma ne a keke. Wannan ɓangaren na alƙawarin da na yi wa Baba shi kaɗai ne ya cika. Ƙarfe huɗu na sauka a ƙofar gida na tarar da tabarmi da butoci. Kafin magariba Baffa ya kai ni maƙabarta, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba.

Daga kiran Adda zuwa ƙofar gida, awa 43. A cikinsu wanda na yi a sama awa biyu ne da 'yan mintoci. Sauran duk zama ne.

Ranar addu'ar uku Alhaji ya kira daga Kalaba ya yi min gaisuwa. Ni ne na matsa masa da tambaya, shi bai so faɗa ba. Motar nan ta tashi bayan asuba ranar Talata, ta shiga Jalingo wajen goma na dare. Fasinjojin Yola suka kwana a tasha, suka kama motar farko, kafin tara na safiyar Laraba suna Jimeta. Da na bi ta, ba zan same shi da rai ba, amma da na yi masa wanka, da na tsaya a sahu, da hannuna yana cikin waɗanda suka sa shi a makwancinsa. Sauri ya haifi nawa.

Wata biyu abin yana cina. Dada ce ta gaji da ganina haka, ranar nan a waya ta ce, "Kai Auta, ko a bakin gadon kake ba za ka ƙara masa numfashi ɗaya ba. Ya san kana hanya, ya ji muryarka, ya sa maka albarka. Me kuma kake nema?" Na san gaskiya ta faɗa. Kuma in za a yi adalci, motar ma tana iya lalacewa a Ogoja, tana iya faɗawa hannun miyagu tsakanin Katsina-Ala da Wukari, kowa ya san halin hanyar nan. A daminar 2024 ma ruwa ya cinye gadar Namnai da ke tsakanin Wukari da Jalingo, sai da aka koma tsallakar da mutane a kwalekwale. Matuƙin da ya ƙi sauka cikin hazo ma ban riƙe shi a rai ba, rayukanmu ya tsare. Abin da nake zargin kaina da shi guda ɗaya ne: na yi shekara biyu ina dogara da lissafin da ban taɓa gwadawa ba, na zo ina koyonsa a daren da hankalina ba ya jikina.

Shi ya sa nake roƙonku, ku da ke Fatakwal, Uyo, Owerri, Benin, Akure, Nsukka da sauran wurare, ku yi wannan aikin yau da kuke cikin natsuwa. Ku buɗe shafin tikiti ku rubuta garin da kuke da garinku, Owerri da Sakkwato, Uyo da Katsina, Akure da Gombe, ku gani da idonku ta ina za a bi da ku. Ku duba ko kullum jirgin yake zuwa ko wasu ranaku ne a mako, da ƙarfe nawa na ƙarshe yake tashi daga Abuja. Ku ƙara tafiyar da ke tsakanin filin jirgi da ƙofar gidanku, don ba kowa ne ɗan Jimeta ba. Abin da ya fito shi ne nisanku da gida.

In ta kama dole sai jirgi, ku yi ƙoƙari tikiti biyun su zama na kamfani ɗaya, ko ku bar tazara mai yawa a tsakani. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, kafin ku biya ko sisi ku kira gida ku ce a leƙa waje a gaya muku yadda gari yake. Ƙaninka da ke tsaye a ƙofar gida ya fi allon filin jirgi sanin ko akwai hazo.

Ku riƙe lambar direba ɗaya ko biyu a tashar da motocin garinku ke lodi, ku san ƙarfe nawa motar farko take tashi. Ku san dattawan unguwar Hausawan garin da kuke, ku riƙa zuwa gaishe su tun babu abin da ya kawo ku. In kuma irin su Alhaji sun ce muku "to" sun yi shiru, ku tsaya ku sake tunani.

Sai maganar da na kai wa shugabanninmu, nake kuma so sauran makarantu su duba: asusun gaggawa. In kowannenmu yana ajiye N500 a wata, ranar da aka kira wani cikin dare ba sai an bi mutane ɗaki ɗaki ba. Ni an yi min, kuma na san cikin waɗanda suka turo akwai wanda ya kwana da yunwa a makon.

Ban ce kowa ya fasa karatu a Kudu ba. Ga ni nan ina ajin ƙarshe, kuma Baba da bakinsa ya ce in zo. Malamin da na rasa tes ɗinsa ma, da na kai masa bayani, ya yi min gaisuwa ya sa min wata rana. Mutanen garin nan sun yi min halacci. Kawai in za ku kwantar wa iyayenku hankali, ku kwantar musu da gaskiya.

Yaron nan na bakin masallaci, da ya gama wayar na yi masa sallama na tambaye shi garinsu. Ya ce Gombe. Na ce ya buɗe wayarsa mu duba tare. Ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago ya kalle ni. Na ba shi lambata, na kai shi ya gaida Alhaji, na ce in ya sake waya da Umma ya ce mata kwana biyu ne, in Allah Ya sa ya iso a ɗaya sai ta yi murna.

Bayan addu'ar bakwai ta ƙasa na dawo makaranta. Na zauna a gefen taga ina ƙirgawa da yatsu: Ngurore, Mayo Belwa, Zing, Jalingo, Mutum Biyu, Wukari. Babu garin da ya tsallake, babu wanda ya sa a inda ba wurinsa ba. Sallar asuba ta biyu kuwa a hanya na yi ta, kamar yadda ya faɗa.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa Baba a addu'a. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana, Ya mayar da kowannenmu gida lafiya. Wanda kuma iyayensa ke raye, ya ajiye wayar nan ya kira su yanzu.